Rage Ƙiba a Ƙasar da Ake Yi wa Rama Jaje

Duk wanda ya saba zaga kasuwannin arewacin Kano, tun daga Dawanau da Bichi har zuwa Dambatta da Makoɗa da Kunci, in dai Allah ya ba shi idon lura, kuma shekarunsa sun kai ya tuna yadda jikin mutanen wannan yanki yake shekara 40 da suka wuce, ba zai kasa ganin wani baƙo da ya shigo mana babu sallama ba, wato teɓa, wadda a da sai a jikin hakimi ko madugu ko babban dillalin gyaɗa ake ganinta, amma yanzu ta zama abokiyar zaman malamin makaranta da mai shago da ɗan kamasho da uwargidan da ba ta wuce haihuwa huɗu ba. Ga kuma 'yan rakiyarta biye da ita, hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, waɗanda iyayenmu suka ɗauka cututtukan mutanen birni ne, alhali kuwa yau da wuya ka sami unguwar da babu mai shan maganinsu.

Na san za a ce mini, kuma da gaskiyar mai faɗa, wa zai yi wa mutanen karkara wa'azin rage ci a zamanin da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka? Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 57 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kano sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, wannan kuwa musiba ce da ta fi wadda nake magana a kanta girma. Sai dai binciken nan shi ne ya nuna mata 28 cikin 100 a Nijeriya, daga shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya wuce ƙima, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta. Sau da yawa ma larurorin biyu a gida ɗaya suke kwana, yaro a rame, uwa da ƙyar take miƙewa daga tabarma, domin abin da ya fi araha a kasuwa shi ne mai cika ciki ya tara kitse, jiki kuwa bai ƙaru da komai ba.

Dalilin wannan sauyi a fili yake. Magidancin da a da yake sammako ya taka zuwa gona, ya wuni a duƙe da fartanya, ran kasuwa kuma ya bi jakinsa da ƙafa ya je ya dawo, yau babur ne ke kai shi har masallacin da ke bayan gidansa, ciyawa kuma maganin feshi ya ɗauke masa rabinta. Matar da take tashi tun asuba ta yi surfe da daka, ta durƙusa a dutsen niƙa, injin ya raba ta da taɓarya. Ban ce a koma wahala ba, Allah ya kiyaye, sauƙi ni'ima ne, kuma namijin da bai taɓa sussukar damin gero ba ba shi da bakin yi wa mata kewar turmi. Illa iyaka aiki ya ragu, malmalar tuwo kuwa tana nan yadda take, bal ma an yi mata ƙari da taliya, da farar shinkafa mai ninƙaya cikin mai, da shayin mai shayi wanda madara da sukari suka yi masa kauri, da lemon kwalba wanda ya zama shi ne karrama baƙo a maimakon ruwan randa da fura. Ƙaramar kwalbar lemo mai cin santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa babban mutum a yini bai wuce kamar cokali 12 ba. Gwamnatin Tarayya ta sa wa irin waɗannan abubuwan sha harajin naira 10 a kowace lita cikin dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga gidan biki ko suna da naira goman nan ta hana a jera kiret-kiret ba.

To, mutane da yawa sun san wannan, kuma ba kaɗan ba ne suka taɓa ɗaura niyyar ragewa, galibi ranar da ma'aikacin lafiya ya kwance abin awon jini daga damtsensu ya girgiza kai. Abin tambaya shi ne me ya sa niyyar ba ta kai wata uku. A ganina abu biyu ke kashe ta, gaggawar mai ita da bakin jama'a, kuma a ƙasarmu na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mu mutane ne da yunwa ta yi wa tabo. Kakanninmu sun ga ta 1913 zuwa 1914, wadda wasu ke kira Kakalaba, iyayenmu kuma sun ga farin 1973, kuma ko a shekarar albarka, tsakanin shuka da fitowar sabon gero akwai watannin da rumbu ke amsa kuwwa in ka yi magana a cikinsa. Al'ummar da ta tashi a haka dole ta ɗauki rama alamar talauci ko jinya ko baƙin ciki, ta ɗauki ƙiba shaidar wadata da kwanciyar hankali. Shi ya sa in aka ce wa mutum ya murje, yabo ne. In amarya ta yi wata shida ba ta yi ɓul-ɓul ba, dangi su fara tsegumin ko mijin ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa ta gaba. Har ta kai 'yan mata na sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da aka yi don wasu cututtuka dabam, masu kumbura fuska su tayar da sukari da hawan jini. Yanzu ka ɗauki magidanci wanda ya sha fama, ya bar lemo, ya rage tuwo, ya zubar da kilo 6, rigarsa ta fara yi masa yawa, yana jin numfashinsa ya daidaita in ya hau tudu. Ya fito majalisa bayan la'asar, sai wannan ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Ka faɗa fa." Wancan ya ce, "Ko kasuwar ce?" Kafin magariba labari ya kai gidan surukansa, gyatumarsa ta aiko da kwanon dambun nama da saƙon ya daina sa damuwa a ransa. Wane ne zai jure a riƙa yi masa jaje a kan abin da ya kamata a yi masa barka? Ƙarshenta sai ya koma wa akushinsa don ya wanke kansa daga zargin karayar arziki.

Saboda haka shawarata ta farko ga mai wannan azama ta saɓa wa abin da muka saba, mu da muke son rufa al'amuranmu: ya faɗa. Ya fara da uwargida, domin ita ke riƙe da mara da ludayi, kuma duk rage cin da aka ƙulla ba da saninta ba, a tukunyarta zai warware. Ya gaya mata likita ne ya ce, ya nuna mata takardar awon, don kada ta zaci girkinta ne ya daina yi masa daɗi, ko kuwa yana ƙoshi ne a ɗakin abokiyar zamanta, wanda duk mai mata biyu ya san irin wutar da ragin tuwo kan hura. Daga nan ya gaya wa mahaifiyarsa, da aminansa na majalisa, ya ce musu nan da watanni za su ga ya ragu, da gangan ne, su taya shi da addu'a. Wanda aka sanar tun farko kunya za ta hana shi yin jaje daga baya, wataƙila ma a cikinsu a sami wanda zai ce shi ma gwiwarsa ta dame shi, a tafi tare.

Kafin a fara kuwa, wajibi ne a san inda aka tsaya, domin abin da ba a auna ba ba a sanin ya ragu. Ma'aunin likitoci shi ne a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu; in lissafin ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 an shiga ƙiba sosai, ta yadda mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90 zai tashi da 31. Wanda lissafi ya yi wa nisa, akwai hanyar da ba ta buƙatar ko kwabo: ya sami igiya ya yanke ta daidai tsawonsa daga ƙasa zuwa tsakar ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai wajen cibiya, in bakunan biyu suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa mafi sharrin kitse. Sa'an nan ya je asibitin da ya fi kusa, a auna jininsa da sukarinsa. Mai juna biyu da mai shayarwa ba da su ake wannan magana ba, sai da izinin ma'aikatan lafiya. Haka kuma wanda ya ga yana zubewa alhali bai rage komai ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da zufar dare, wannan kada ya yi murna, ya gaggauta zuwa asibiti, domin ciwon sukari da tarin fuka haka suke sallama.

Sai batun gaggawa, wadda malamai suka ce daga Shaiɗan take. Mai kilo 110 yakan tashi da burin komawa 70 kafin Babbar Salla, ya haramta wa kansa tuwo da mai da nama a rana ɗaya, ya wuni da ruwan zafi da lemon tsami, ya yi kwana goma yana ganin jiri, ran na sha ɗaya ya faɗa wa tukunya. Zafin nema ba ya kawo samu. A Amurka an taɓa yin wata gasar rage ƙiba a talabijin, inda ake wahalar da mutane da yunwa da motsa jiki mai tsanani. Masana suka bi 14 daga cikinsu, suka buga sakamakon a 2016: a mako 30, a matsakaicin lissafi, kowannensu ya zubar da kimanin kilo 58, amma bayan shekara 6 kimanin kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu ya koma ƙona abinci a hankali fiye da yadda girmansu ya hukunta. Hikimar Ubangiji ce, jiki bai san bambancin fari da ganganci ba, in ya ji yunwa mai tsanani sai ya shiga tattali. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani babban gwaji da aka yi a Amurkan da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ke bakin gaɓa, aka bayyana shi a 2002. Abin da aka nema ga wani rukuni daga cikinsu shi ne su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu kawai, su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Cikin kusan shekara 3 kamuwa da ciwon sukari ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba ƙwayar magani kashi 31 suka samu. Ma'ana, mai kilo 100 in ya sauke 7 ya riƙe, ya riga ya ci babbar riba ko da teɓar ba ta ɓace ba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da jiki ke ɗauka ba tare da ya yi tawaye ba.

Abin mamaki, wannan tadriji da likitocin zamani suka kashe dukiya kafin su tabbatar, yana nan cikin littattafan da ke jingine a zaurukan malamanmu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin karya sha'awar ciki na littafinsa Ihya'u, ya yi nasiha cewa wanda ya saba cin gurasa biyu yana son komawa ɗaya, kada ya yanke a tashi guda, ya riƙa rage kashi ɗaya cikin 28 ko 30 kullum, sai wata ya cika ya iske kansa a gurasa ɗaya bai cutu ba. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda ya kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, yana cikin waɗanda Ibn Rajab ya ƙara a kan Arba'una ta Nawawi, yaran Islamiyya ma sun haddace shi; haka nan wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha game da falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi wallafa a kan ɗibbu da maslahar jiki, ba su ɗauki kula da lafiya abin da ya saɓa wa tawakkali ba. Hujja dai muna da ita tun tuni, aiki da ita ne ya yi ƙaranci, har a wajen wasu masu karantar da ita.

Kuma in akwai mutanen da bai kamata a koya wa haƙurin tara kaɗan-kaɗan ba, to, manoman kewayen Kano ne. Masana irin su Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960 yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, abin da ya ɗaure musu kai shi ne yadda ƙasa mai yashi, wadda gona ke manne da gona babu saura babu hutu, take ciyar da jama'a masu yawa haka shekara da shekaru ba ta mutu ba. Amsar kuwa ita ce taki, wanda ake kai wa gona da rani mangala bayan mangala a bayan jaki, a zuba tsibi-tsibi, a lokacin da babu ko tsiro ɗaya da zai nuna wa mutum amfanin wahalarsa. Babu manomin da ke juye takin shekara goma a rana ɗaya ya ce ya gama da gonar har abada, kuma babu wanda ke fasa noma don jakinsa ya yi tuntuɓe ya zubar da mangala guda. Haka al'amarin jiki yake: malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, daga baya ta koma ɗaya, a cike gurbin da miyar kuka ko kuɓewa da kwaɗon zogale ko rama da wake, a auna man girki da cokali a daina tuttulawa daga kwalba, domin mai ya ninka gari ƙarfi fiye da sau biyu, fura a dama ta da nono ba sukari, babur a bar shi a zaure in tafiyar ba ta wuce masallaci ko gonar bayan gari ba. Duk cikin wannan babu abin da sai an sayo daga kanti, hasali ma kuɗin cefane raguwa zai yi.

Wajen wata na shida galibi sikeli yakan tsaya cik, mutum yana ƙoƙarinsa amma allura ta ƙi motsi, a nan ne wasiwasi ke shigowa, a nan ne kuma mafi yawa ke yanke ƙauna. Ya kamata a san da zuwan wannan lokaci tun kafin ya zo, a kuma san cewa riƙe abin da aka samu shi ma nasara ce. A irin wannan hali sai mutum ya duba wasu alamomin: mazagin wando da ya ƙara tsawo, sujada da tahiya da suka daina zama azaba, munsharin da iyali suka ce ya ragu, awon jini da ya sauka. Akwai wani kundi da aka buɗe a Amurka a 1994 na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe shekara guda ko fiye, kuma abin da aka iske mafi yawansu suna yi ba wani sirri ba ne: suna karya kumallo, suna hawa sikeli kamar sau ɗaya a mako, suna motsa jiki wajen awa guda kullum. Wato muhasaba ce da istiƙama. In kuwa an yi biki ko Salla mutum ya zarme da waina da soyayyen nama, kada ya ce ai shi ke nan an ɓata. Wanda ya makara sallar asuba ba ya barin azahar.

Ramadan, wanda ya kamata ya zama makarantar wannan aiki, mun mai da shi watan soye-soye, ana buɗa baki da ƙosai da dankali da kunu mai sukari har mutum ya kasa tsayuwar tarawihi. Azumin Litinin da Alhamis yana taimaka wa wanda ya kiyaye buɗa-bakinsa, amma mai shan maganin sukari kada ya ɗauka sai ya shawarci likita. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook da bayan motoci ran kasuwa kuwa, mafi yawansa gudawa yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan. An kuma sha kama irinsa a ƙasashe da dama an cusa masa wani magani da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda illarsa ga zuciya. Ko sababbin alluran nan irin su Wegovy, masu rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, bincike ya nuna wanda ya daina su kashi biyu cikin uku na abin da ya zubar kan dawo cikin shekara, balle kuma tsadarsu ta fi ƙarfin mai sayar da buhun dawa ya biya kuɗin makaranta.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matan da ke cikin kulle, waɗanda duniyarsu ta tsaya tsakanin ɗaki da madafa, ga haihuwa a kai a kai, ga gara da kayan jego, kuma in ɗaya ta ce za ta zaga tsakar gida don lafiyarta sai a yi mata dariya, a ce ko ta fara taɓuwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu bayan jikinta ya yi nauyi. Maigidan da ya san wannan ba shi da uzurin hana iyalinsa zaga gida minti 30 da sanyin safiya ko bayan isha'i, ko zuwa gidan 'yan'uwa da ƙafa cikin suturarta, kuma zai fi kyau in shi ne ya fara tashi ya taka tare da ita.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a, daga Minjibir har Tsanyawa, su ware huɗuba guda a kan israfi a ci da amanar jiki, domin abin da liman ya faɗa a mumbari ya fi takardar likita saurin shiga gidaje. Ina roƙon hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi su tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da sikelin manya mai aiki da abin awon jini, a kuma bar mutum ya hau ko ba shi da jinya. Kai kuma mai karatu, in ka ga maƙwabcinka ya ragu, ka tambaye shi lafiya kamar yadda zumunci ya hukunta. In ya ce maka da niyya ya yi, ka ce masa Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa, in ya zo gidanka kuma ka tarbe shi da ruwan sanyi, ka bar lemon a shago.